Cijewar Kayan Sitiyari a Gaban Tsohuwar Lori

Cijewar kayan sitiyari ita ce kamewar ƙarafan da ke haɗa sitiyari da ƙafafun gaba na mota a mazauninsu, har su ƙi fita ko da an kwance notin da ke riƙe da su. Galibi ana cin karo da ita ne lokacin da aka buɗe gaban tsohuwar lori ko akori-kura don canza sifirin, bushin ko kimfin. Ƙarafan da suka fi yin wannan gardama huɗu ne: kan tayarod (sandar da ke haɗa ƙafafun gaba biyu), da sandar da ke jan ƙafa daga akwatin sitiyari, hannun akwatin kansa, da kimfin, wato ƙusar da ƙafar gaba ke juyawa a kanta.

A Sudan matsalar tana da nauyi na musamman saboda irin motocin da ke kan hanya. Lorin Bedford samfurin TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, ita ce mutanen ƙasar ke kira Sifinja. Kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a 1986, amma makanikai a unguwannin masana'antu na Omdurman, Wad Madani da El Obeid sun ci gaba da rayar da ita, suna ƙara mata ganyen sifirin da ƙarfin shasi domin ta ɗauki kaya fiye da yadda maƙeranta suka tsara. Hausawan Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, da na Gadarif da Kassala, suna cikin masu tuƙa waɗannan motoci da masu gyaransu. A irin wannan wuri sabon ƙarfe na asali ba ya samuwa da sauƙi, don haka gwanintar ba ta tsaya ga fitar da abin da ya cije ba. Sai an fitar da shi ba a lalata maƙwabcinsa ba.

Me ke sa ƙarfe ya cije

Mutane da yawa suna ɗora laifin duka a kan tsatsa, alhali rabin laifin na ƙira ne. Ƙusar kan tayarod ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da tsini kaɗan kamar turmin da aka kifa, ramin da take shiga ma haka aka fafe shi. Idan aka ɗaure noti, sai ya ja ta ciki ta matse da bangon ramin ta ko'ina. Wannan matsi shi ke riƙe ta, notin mai gadi ne kawai. Shi ya sa ko a sabuwar mota, kwance noti ba ya sa ta faɗo.

Tsatsa tana zuwa ne ta ƙara dagula lamarin. Tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu ko fiye, sai ta cike ɗan sararin da ya rage ta zama kamar siminti. Motar da ke jigilar dawa da riɗi a Gadarif takan yi damina, wadda can ake kira harif, tana kutsawa cikin baƙin laka mai danƙo, lakar ta maƙale a gindin ƙafa tana riƙe da danshi makonni. Wadda ke zirga-zirga zuwa Port Sudan kuwa iskar teku mai gishiri ke cin ta. Da rani ƙura ta toshe ƴan nonon da ake dura giris, yaron mota ya matsa famfo ya ga giris ya fito ta gefe, ya ɗauka ya shiga, alhali kimfin yana can a bushe.

Yadda ake kwancewa

Ana fara wa ne da ɗora mota a kan abin tallafi mai ƙarfi, ba a kan jak kaɗai ba, a sa wa tayoyin baya waigi. A kankare laka da burushin waya, a jiƙa mahaɗar da mai mai ratsa tsatsa irin WD-40, ko gas ko kananzir idan babu, a bar shi ya kwana in da hali. Kafin a taɓa tayarod ana ƙirga zaren da ke waje ko a auna tsawonsa, domin saitin ƙafafun gaba ya dogara da shi. Akwai kuma tarko a nan: ɗaya daga ƙarshen sandar zarensa na hagu ne, wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaurewa yana zaton kwancewa yake.

Bayan an zare fil ɗin da ke kulle noti, ba a cire notin gaba ɗaya. Ana kwance shi har ya yi daidai da kan ƙusar, don ya kare zare kuma ya tare sandar kada ta faɗo a ƙafar mutum. Sai dabarar guduma biyu, wadda ita ce zuciyar aikin. Yaro ya danna babbar guduma a bayan ƙarfen da ke da ramin, usta, wato babban makanike, ya bugi ɗaya gefen da wata gudumar, bugu gajere mai kaifi. Ba ƙusar ake duka ba, gefen ramin ake duka. Kowane bugu yana ɗan matse ramin na ƙiftawar ido, ya sake shi, tsinin ƙusar ya tura kansa waje. Sau da yawa a bugu na huɗu ko na biyar za a ji ƙas, sandar ta sauka a kan noti. Usta ya ce, “Kai yaro, riƙe da kyau, kada ka bar ta ta yi tsalle,” domin idan gudumar baya ta yi sako-sako ƙarfin bugun a iska yake tafiya.

Wanda ya bugi kan ƙusar kai tsaye yakan buɗa ta kamar laimar kwaɗi, ta ƙi bi ta ramin sam. Akwai cokali mai yatsu biyu da ake kora shi tsakanin mahaɗa, yana aiki, amma yana yaga robar da ke riƙe giris, don haka ya dace ne kawai da kan da za a yar. Abin da ya fi tsafta shi ne majanyi mai zare, wanda masu gyara ke kira da sunansa na Larabci, zarjina: a ɗaure shi ya yi tauri, sannan a ɗan bugi gefen ramin.

Hannun akwatin sitiyari ba ya karɓar wasa. Yana zaune a kan sanda mai haƙora da tsini, kuma duk bugun da ya sauka a kan sandar nan yana wucewa cikin akwati ya ɓata ƙwallaye da haƙoran ciki. Zarjina mai kauri kaɗai ta dace da shi, bayan an yi alama da alli ko ƙusa don a mayar da shi a haƙorin da ya fito.

Kimfin shi ne babban abokin gaba. Akwai ƙaramar ƙusa mai tsini da ke ratsa gatarin gaba ta kulle shi, kuma ta gefe ɗaya kawai take fita. Sai an fitar da ita, an cire murafun sama da ƙasa, sannan a tura kimfin. Idan ya ƙi, wasu kan sa jak a ƙarƙashinsa nauyin motar ya taimaka. Idan ya ƙi wannan ma, sai a sauke gatarin ɗungum a kai shi injin matsi. Sabbin bushin da aka saka kuma sai an fafe su daidai kaurin sabon kimfin.

Batun wuta

Wutar walda tana taimakawa, kuma ita ce ta fi kashe kaya. Ƙarfe yana buɗewa da kusan kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri, don haka rami mai faɗin milimita 25 da aka ƙara wa zafin digiri 200 zai buɗe da kusan milimita 0.06. Wannan ɗan kaɗan ya isa ya fasa tsatsa, in dai ramin aka gasa da sauri, ba ƙusar ba. Kuskuren shi ne a bar wuta har ƙarfen ya yi ja. Hannun ƙafa da gatari an ƙera su an kuma horar da su da zafi a masana'anta, jan wuta yana warware wannan horo, ƙarfen ya yi laushi ba tare da ido ya gani ba, ya je ya lanƙwashe ko ya karye a hanya da cikakken lodi. Kan tayarod da aka gasa ma yana iya fashewa saboda giris ɗin da ke kulle a ciki, ga tiyon birki a kusa. Duk ƙarfen sitiyari da ya yi ja, ko aka miƙe shi da wuta, ko aka yi masa walda, bai kamata ya koma jikin mota ba, ko da kuwa a aikace ana mayarwa saboda tsadar kaya.

Wajen haɗawa, tsinin ƙusa da raminsa ana goge su su bushe ƙarau, ba a shafa musu giris, domin matsi ake so. Giris na zare ne da cikin bushin. Idan ramin noti bai yi daidai da na fil ba, ƙara ɗaurewa ake yi kaɗan, ba a sassautawa, kuma sabon fil ake sawa, ba ƙusar kafinta ba.