Waiwaye: Fargaba, sinadaran jiki da karanta fuskar mutane

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To amma idan shi mai kallon ne hankalinsa ke tashe, wace fuska idonsa zai fara kamawa? Masana sun daɗe kafin su kai ga wannan tambaya, domin masu nazarin fuska da masu nazarin sinadaran jiki kowa hanyarsa daban ya bi.

A 1872 Charles Darwin ya yi rubutu cewa ɗaure fuska da zaro ido don tsoro gado ne, ba koyo ba. Can ɗaya ɓangaren kuma, Walter Cannon na Amurka ya bayyana a 1915 yadda adiranalin, wani sinadari da jiki ke saki idan an firgita, ke shirya jiki don faɗa ko gudu, sannan a 1936 Hans Selye, da gwajinsa kan ɓeraye a Kanada, ya nuna cewa wahala ko wace iri ce tana sa 'yan ƙullutun da ke saman ƙoda su kumbura. Daga can ne kotisol, wani sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan hankali ya tashi, ke fitowa. Sai a 1968 Bruce McEwen ya gano cewa irin wannan sinadari yana da wurin zama a cikin ƙwaƙwalwar ɓera. Daga nan hanyoyin biyu suka fara haɗuwa.

Saura yadda za a tayar wa mutum hankali a ɗakin gwaji ba tare da an cutar da shi ba. Masana a Jami'ar Trier ta Jamus suka fito da dabara a 1993: a tsayar da mutum gaban alƙalai, ya yi minti biyar yana jawabin neman aiki, sannan ya yi ta cire 13 daga 1022 da baki, in ya yi kuskure ya koma farko. Alƙalan ba murmushi, ba gyaɗa kai. Abin dariya, fuskar da ba ta cewa komai ita aka ɗauko don a firgita mutum, kafin a auna yadda yake kallon fuskoki. Daga baya a ɗibi yawunsa a duba yawan kotisol.

An yi tuntuɓe a hanya. A 1988 wani bincike ya yi suna da cewa ido ya fi saurin tsinto fuskar mai fushi a cikin taro, amma a 1996 aka gano akwai baƙin tabo a hotunan, kuma tabon ne ke jan ido.

Da yawa sun ɗauka kotisol ne ke sa mutum ya riƙa hango fushi da barazana ko'ina. Sakamakon da ya fito daga ƙasar Holan ya rikita wannan zato. A 2007 Peter Putman da abokan aikinsa suka ba samari miligiram 40 na kotisol, sai aka ga fuskar tsoro ta rage jan hankalinsu, musamman waɗanda dama masu fargaba ne. A 2009 kuwa masana a birnin Nijmegen na can Holan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka firgita yanzun nan, suka tarar amigdala, sashen da ke gadin haɗari, ta zabura ga kowace fuska, har da mai fara'a. Ta ƙara kaifi, amma ta daina tantancewa.

A ganina sakamakon nan biyu ba saɓani ba ne, lissafin lokaci ne aka daɗe ba a yi ba. Noradiranalin, sinadari ɗan'uwan adiranalin, cikin daƙiƙoƙi yake aiki, shi ne ke buɗe ido. Kotisol kuwa sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kai ƙololuwa a jini, wato yana isowa ne an riga an sha firgita. Wani binciken da aka yi a Nijmegen a 2010 ya nuna cewa bayan an ba mutum kotisol, amigdala kan lafa ga fuskoki, kuma bayan wasu sa'o'i ta koma yadda take wajen kula da fuskar tsoro.