Naɗar Darasi da Murya a Manhajar Audacity: Tambayoyi da Amsoshi ga Malamai

Malamai da dama suna son ɗalibansu su riƙa sauraron darasi bayan an tashi daga makaranta, ko a waya ko a ƙaramar rediyo mai cin memori, amma suna ganin aikin naɗar murya sai mai situdiyo. Amsoshin da ke ƙasa an gina su ne a kan Audacity, domin ita ce manhajar kyauta da aka fi sani a wannan fanni.

Mece ce Audacity, kuma da gaske ne ba a biyan ko kwabo?

Audacity manhaja ce ta naɗar sauti da gyara shi, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara ginawa a Jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh a Amurka a shekarar 1999, aka kuma fitar da ita ga jama'a a watan Mayun 2000. Tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa izinin ya sauke ta, ya yi amfani da ita, ya kuma raba wa wasu. Saboda haka malamin da ya sauke ta sau ɗaya zai iya zuba ta a filashi ya saka wa dukan kwamfutocin makarantarsu ba tare da ya taka dokar kowa ba. Tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma da zarar an saka ta, naɗa da gyara ba sa buƙatar intanet.

A shekarar 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi ragamar manhajar, aka kuma yi ta ce-ce-ku-ce kan shirinsa na tattara bayanan masu amfani da ita, har wasu suka ɓalle suka fitar da tasu mai suna Tenacity. Duk da haka Audacity tana nan kyauta. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne a sauke ta daga shafinta na asali.

Malamin da ba shi da kwamfuta sai waya fa?

Audacity ta kwamfuta ce. Sai dai babu laifi a naɗi darasin da manhajar ɗaukar murya ta waya, sannan a tura fayil ɗin zuwa kwamfutar makaranta ta kebul domin gyara. Wayoyi da yawa suna adana murya a tsarin M4A, wanda Audacity ba ta buɗewa sai an ƙara mata wata ƙaramar manhaja mai suna FFmpeg, ita ma kyauta ce. Bai dace a naɗi asalin darasi da maɓallin saƙon murya na WhatsApp ba, domin yana matse sautin sosai, kuma abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa.

Wane amfani darasin murya ke da shi wanda takarda ba ta da shi?

Akwai ilimin da kunne ne ƙofarsa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa garin da mutane ke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi suke fitowa iri ɗaya a takarda, alhali mai sauraro yana rarrabe su nan take. Haka abin yake ga malamin tajwidi da ke koyar da mafitar haruffa, da malamin Ingilishi a Kano ko na Faransanci a Damagaram da ke fama da lafazin ɗalibansa. Ɗalibi makaho da wanda karatunsa bai nuna ba suna amfana, kuma ɗalibi yana iya maimaita wuri guda sau goma ba tare da jin kunyar ɗaga hannu ba. Lokacin da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, jihohi da dama a Najeriya sun koma ba da darasi ta rediyo, abin da ya nuna wa malamai cewa murya kaɗai tana iya ɗaukar darasi idan an tsara ta.

Sai an sayi makirufo mai tsada kafin murya ta fito tas?

A'a, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke ɓata kuɗinsu. Ɗakin da aka zauna da tazarar da ke tsakanin baki da makirufo sun fi tsadar na'ura tasiri a kan ingancin murya. Ajin da ba kowa a ciki, mai bangon siminti da daɓen siminti da rufin kwano, yana mayar da murya, sai a ji malami kamar daga cikin rijiya yake magana, kuma wannan amsa-kuwwa tana daga cikin abubuwan da gyara ba ya iya cirewa yadda ya kamata. Ƙaramin ɗakin kwana mai labule da katifa da darduma da kaya a rataye ya fi ajin nesa ba kusa ba, domin tufafi da kayan laushi suna shanye sautin kafin ya dawo. A kashe fanka ko da ana zafi, a rufe taga, a zaɓi lokacin da janaretan maƙwabta yake kashe kuma unguwa ta yi tsit.

Makirufon da ke jikin abin sauraro na waya, ko ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga, ya wadatar, kuma yawanci ya fi wanda ke cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, domin shi wannan yana kusa da fankar kwamfutar da madannanta, yana kwashe ƙararsu duka. Makirufon tebur ana ajiye shi kimanin taƙi ɗaya daga baki, wato santimita 15 zuwa 20, a ɗan karkatar da shi gefe don kada iskar da ke fita tare da haruffa irin su "f" da "b" ta riƙa bugunsa. Idan aka ji wani gurnani a ƙarƙashin murya, a gwada zare cajar kwamfutar a yi naɗin da batir, domin sau da yawa daga wutar lantarkin yake shigowa.

Me za a saita kafin a danna maɓallin naɗa?

Abu uku ne. A tabbatar an zaɓi makirufon da ake so a sashen Audio Setup, a sa naɗin a kan Mono, wato layin sauti guda ɗaya, tunda baki ɗaya ne ke magana, a kuma bar adadin ɗaukar sauti a kan 44,100 a daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin faifan CD. Daga nan sai a yi gwaji ana kallon ma'aunin ƙarfin sauti da ke saman allo. Ana so murya ta riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6, kada ta taɓa sifili, domin sifili shi ne iyaka, kuma duk sautin da ya wuce shi yana tsagewa. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, amma wadda ta tsage sai dai a sake naɗa. Harafin R ne ke fara naɗa, dogon madanni na tazara kuma yana tsayarwa. Yana da kyau a yi shiru na daƙiƙa 5 zuwa 10 kafin a fara magana, za a ga amfaninsa wajen cire ƙara.

Idan malami ya yi tuntuɓen harshe a tsakiyar darasi, sai ya koma farko?

Ba sai ya koma ba, kuma ba sai ya tsayar da naɗin ba. Ya ɗan dakata, ya tafa hannu sau ɗaya, sannan ya sake ɗauko jimlar daga farkonta. Audacity tana zana sauti a allo a matsayin igiya mai hawa da sauka, inda magana take fitowa da kauri, shiru kuma ya zama siririn layi, shi kuwa tafin zai fito a matsayin dogon tsini da ido ba ya kuskure masa. Idan an gama, sai a bi tsinayen ɗaya bayan ɗaya, a ja linzamin kwamfuta a kan ɓangaren da aka yi kuskure, a saurare shi don tabbatarwa, a danna Delete. Yanka a cikin shirun da ke tsakanin jimloli ya fi tsabta, danna harafin Z kafin gogewa kuma yana rage 'yar ƙarar da kan fito a mahaɗa. Idan aka goge abin da bai kamata ba, Ctrl da Z suna dawo da shi.

Wasu suna bin kowane numfashi suna gogewa, wannan kuwa ɓarna ce, domin maganar da ba numfashi a cikinta tana gajiyar da mai sauraro, kuma ɗalibi yana buƙatar waɗannan ƙananan tazarori don ya haɗiye abin da aka faɗa.

Yaya ake cire ƙarar da ta riga ta shiga?

Ana yin haka da Noise Reduction, a mataki biyu. Da farko a zaɓi shirun nan da aka bari a farkon naɗin, a buɗe Noise Reduction, a danna Get Noise Profile domin manhajar ta gane irin ƙarar ɗakin. Bayan haka a zaɓi dukan naɗin, a sake buɗe wurin, a aiwatar. Wannan dabara tana aiki ne a kan ƙarar da ba ta canzawa, irin huci na na'ura ko gunjin janareta daga nesa. Carar zakara da hon ɗin ɗan acaɓa da kukan yaro ba sa cikin wannan, maganinsu shi ne a sake faɗin jimlar. A rage ƙarar da kaɗan, misali desibel 6 zuwa 12 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti), a saurara kafin a amince, domin idan aka matsa, muryar malamin ita ma tana lalacewa ta koma wani irin sauti na ƙarfe. A ganina 'yar ƙara mai laushi a bayan murya mai kyau ta fi shiru tsit tare da muryar da aka tauye.

Gurnanin lantarki yana da nasa magani. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka Notch Filter da aka saita a kan 50 yana rage shi. A ƙarshe a yi Normalize zuwa -1 domin muryar ta fito da ƙarfi a ƙaramar lasifikar waya.

Me ke mayar da naɗaɗɗiyar murya ta zama darasi?

Tazarar da aka bar wa ɗalibi ya amsa. Wannan tsohuwar dabara ce ta koyarwa ta rediyo, wadda ta yi suna tun shirin koyar da lissafi da aka fara a ƙasar Nikaragwa a 1974 tare da Jami'ar Stanford, inda malamin rediyo kan yi tambaya ya yi shiru, yara su amsa da baki, sannan ya faɗi amsar. A Audacity ana ajiye alamar linzami bayan tambayar, a shiga Generate a zaɓi Silence, a rubuta daƙiƙoƙin da ake so. Hanya mafi sauƙi ta auna tazarar ita ce malamin ya faɗi amsar da bakinsa a hankali, ya ƙara daƙiƙa 2 a kai, domin ɗalibi sai ya yi tunani kafin ya buɗe baki. Malamin da ya ce "ku maimaita bayana" sannan ya zarce ba tare da ya bar wuri ba, to, ya mayar da darasinsa lacca.

Idan ana so a rage saurin magana ga masu koyon harshe, Change Tempo za a ɗauka, domin shi yana jan lokaci ne ya bar muryar yadda take, alhali Change Speed yana sauke ta ƙasa ta yi kauri har ta daina kama da ta mai ita. Ragin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ya isa, fiye da haka sautin yana fara rawa. Ga karatun Alƙur'ani kuwa ya fi dacewa malamin ya karanta a hankali da kansa, tunda tsawon madda da gunna hukunci ne da bai kamata a bar wa na'ura ba. Doguwar magana kuma gara a raba ta. Ctrl da B suna saka alama mai suna a duk inda sabon batu ya fara, sannan a fitar da kowane batu a fayil ɗinsa, ta yadda ɗalibin da ke neman bayani guda ba sai ya bi minti 40 yana lalube ba.

Me ya sa fayil ɗin da aka adana ya ƙi buɗewa a wayar ɗalibai?

Domin adanawa daban, fitarwa daban. Save Project yana ajiye aikin ne a tsarin aup3, wanda aka fara amfani da shi daga siga ta 3.0 a 2021, kuma Audacity ce ke buɗe shi. Abin da za a ba ɗalibai sai an bi ta Export. Tsarin WAV ba ya zubar da komai, amma minti ɗaya na Mono yana cin kimanin megabait 5, wato darasin minti 40 ya haura megabait 200. MP3 mai kilobit 64 a daƙiƙa yana cin ƙasa da rabin megabait a minti, darasin nan ya dawo kimanin megabait 19, kuma ga magana zalla kunne ba ya jin wani bambancin a-zo-a-gani. Wannan shi ne wanda zai wuce ta WhatsApp ko Bluetooth ko memori ba tare da ya cinye datar iyaye ba. A ajiye aikin na asali a kwamfuta, domin sake gyara MP3 a kuma fitar da shi yana rage ingancinsa kowane karo. Sunan fayil ya ƙunshi aji da darasi da lamba, a fara lambar da 01 da 02 don su jeru daidai.

Ya halatta a saka kiɗa ko muryoyin yara a ciki?

Waƙar da ake samu a waya tana da mai ita, kuma kasancewar darasi ne bai sa ta zama ta kowa ba, musamman idan za a ɗora shi a intanet. Mai neman sautin tsuntsu ko ruwan sama ko ƙararrawa zai samu a Freesound, rumbun da Jami'ar Pompeu Fabra ta Basalona ta kafa a 2005, inda kowane sauti yake ɗauke da sharaɗin lasisinsa, wasu kuma suna buƙatar a ambaci mai su. Muryoyin yara suna ƙara wa darasi armashi, amma a nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye tukuna, a kuma guji ambaton cikakken sunan yaro a cikin naɗin, domin fayil ɗin da ya shiga zauren WhatsApp ɗaya malamin ba shi da ikon hana shi wucewa zuwa wani.