Mayar da Filin Ciyawa Zuwa Filin Furanni Domin Ƙwari Masu Barbara

Mayar da filin ciyawa zuwa filin furanni wata hanya ce ta kula da lambu wadda a cikinta ake daina yi wa ciyawa aski a kai a kai, a bar furannin daji su tsiro, domin ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da sauran ƙwarin da ke ɗaukar garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan su sami abinci. Ciyawar da ake yanka kowane mako tana da kyan gani, amma a wurin ƙwaro kusan hamada ce, tunda ba a barin komai ya kai ga fitar da fure. Rahoton 2016 na IPBES, wato kwamitin ƙasashen duniya mai nazarin halittu da muhallinsu, ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na nau'o'in amfanin gona a duniya suna dogara da irin wannan barbara, ko da kaɗan ne.

Wannan hanya ta yi ƙarfi a Birtaniya, wadda ta rasa kimanin kashi 97 cikin ɗari na filayen kiwonta masu furanni tun daga shekarun 1930. A 2019 ƙungiyar kare tsirrai ta Plantlife ta fara gangamin No Mow May, wanda ke kira ga mutane su jingine injin yankan ciyawa tsawon watan Mayu.

Sai dai barin yanka kaɗai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne masu lambu da yawa ke kuskure. Furannin daji sun fi yin kyau a ƙasa maras ƙarfi, domin inda taki ya yi yawa ciyawa ce ke bunƙasa ta danne su. Saboda haka ba a zuba taki. Kafin a watsa iri ana yanke ciyawar ƙasa-ƙasa, a karce wurin da manjagara har kusan rabinsa ya zama tsurar ƙasa. Daga nan ana yanka sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan furanni sun zubar da irinsu, kuma dole a kwashe abin da aka yanka kada ya ruɓe ya koma taki.

A Turai ana haɗawa da tsiron Rhinanthus minor, mai furanni rawaya, wanda ke manne wa saiwar ciyawa yana tsotse ruwa da abincinta har ta raunana. Irinsa ba ya tsirowa sai ya sha sanyin hunturu, don haka tun kaka ake shuka shi. Idan ya nuna, 'ya'yansa suna ƙara a cikin busasshen kwanso in iska ta kaɗa, kuma manoman zamanin da suna ɗaukar wannan ƙarar alama ce ta lokacin yankan ciyawar dabbobi ya yi.