Takardar gurbin karatu ba biza ba ce

Ɗalibai da iyaye da yawa sun ɗauka da zarar jami'ar waje ta aiko da takardar gurbin karatu, shi ke nan, sai haɗa kaya. Ba haka abin yake ba. Makaranta ce ke ba da gurbi, gwamnatin ƙasar ce ke ba da biza, kuma kowacce da abin da take dubawa.

A Amurka, makaranta za ta ba ka fom ɗin I-20 mai shaida cewa ta karɓe ka, ka biya kuɗin SEVIS (rajistar ɗaliban waje ta gwamnati), ka cike DS-160, wato fom ɗin neman biza, sannan ka tsaya gaban jami'in ofishin jakadanci. Sashe na 214(b) na dokarsu ta shige da fice yana ɗaukar mai neman bizar karatu ta F-1 a matsayin mai niyyar tarewa can, har sai ya gamsar da jami'in cewa zai koma gida bayan karatu. Nan ake kayar da mutane, alhali takardunsu na makaranta lafiya lau, abin ban takaici.

Birtaniya kuwa, bayan lambar CAS da makaranta ke bayarwa don tabbatar da gurbinka, tana son ganin kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere cikin asusu. Kuɗin da aka aro jiya aka zuba yau ba ya cika wannan sharaɗi, don haka a fara tanadi tun kafin takardar ta iso.