Ƙaramin banɗaki, kaya jingim: ina za a sa su?

Gidajen hayar da ake ginawa yanzu, irin ɗaki da falo mai bayi a ciki, banɗakinsu sau da yawa taku uku ne ka kai bango. A nan ne masai, a nan wurin wanka, ga sinki da ɗan kabad a ƙarƙashinsa, wani lokaci da madubi mai ƴar ma'ajiya a sama. Ga tambayoyin da matan gida, da ma gwauraye, suka fi yi a kan yadda za a zauna lafiya da wannan ɗan wuri.

Kabad ɗina ya cika har ba ya rufuwa. In sa kafinta ya ƙara min wani?

Dakata da kiran kafinta tukuna. Ki shimfiɗa tsohon zane a ƙofar banɗakin, ki kwaso komai ki zube a kai, har abin da ya maƙale can lungu. Za ki ga robar man wanke gashi guda uku kowacce da ɗan guntu a gindi, reza mai tsatsa, ɓarɓashin sabulun da ake ta cewa za a haɗe, da man da aka shafa sau ɗaya bai karɓi fata ba. Waɗannan bola suka nufa. Sauran ki yi musu tambaya guda: a cikin banɗaki ake amfani da shi, kuma aƙalla sau ɗaya a mako? In amsar a'a ce, ya koma ɗaki ko sito. Kwalin sabulun da aka sayo na wata uku da babbar ledar omo ta wanki ajiya ce, ba kayan banɗaki ba. Ɗaya a ciki, sauran a waje, in ya ƙare a ɗauko. Yawanci a nan rabin matsalar ke mutuwa.

To magani fa? Ai ma'ajiyar bayan madubi kamar don shi aka yi ta.

Haka take kama, amma ita ce wurin da ya fi ɓata shi. Ki duba jikin kwalin: galibin magungunan da ake sayarwa a Najeriya da Nijar an rubuta a ajiye su a busasshen wuri da zafinsa bai haura digiri 30 ba, wasu ma 25. Banɗaki kuwa kullum cikin danshi yake, ga tururin ruwan zafi da hunturu, ga zafin bazara da ke kai digiri 40 a garuruwa irin Kano, Sakkwato da Maiduguri. Ƙwayar asfirin idan ta sha danshi har warin tsami take yi, alamar ta fara lalacewa ke nan. Magani ya tafi ɗaki, cikin roba mai murfi, a saman da hannun yara ba ya kaiwa.

Haka turaren wuta da humra. Turaren wuta in ya jiƙa da danshi sai ya ƙi kama garwashi da kyau, humra kuma zafi na rage mata ƙarfi. Hoda da garin lalle dunƙulewa suke yi. Ana ma iya ganin ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani a bayan mayukan kwalliya da rubutu kamar 6M ko 12M: watannin da man zai yi ne bayan an buɗe shi, kuma wannan lissafin ba na wuri mai zafi da laima ba ne.

Bututun da ke ƙarƙashin sinki ya cinye tsakiyar kabad. Ya zan yi da shi?

A bar masa wurinsa, domin shi ne mai gida, kaya baƙi ne. Wannan lanƙwasar da ke jikinsa kamar harafin U ba ado ba ce. Ruwa ke kwanciya a cikinta ya toshe hanya, shi ke hana warin kwata da ƙwari hawowa. Mahaɗarta ta roba ce da ake murɗawa da hannu, don haka idan ana cusa kaya ana tura ta, a hankali take sassautawa ta soma ɗiga. Kuma ɗigar ƙarƙashin sinki munafuka ce, sai ta yi wata biyu ba a sani ba, sai ranar da aka ɗaga leda a ga katako ya yi baƙi.

Abin da ya fi shi ne a raba wurin gida biyu, dama da hagu, a bar kamar faɗin tafin hannu tsakanin kaya da bututun. Kabad ɗin sinki na ƙaramin banɗaki faɗinsa yakan kama santimita 60, zurfinsa 40 zuwa 45, to kowane gefe zai ɗauki siririn kwandon roba ɗaya. Kwando ya fi jera kaya a ƙasa don ana jawo shi gaba ɗaya kamar durowa, ba sai an durƙusa ana lalube ba. Amma a auna da tef kafin a tafi kasuwa, kuma a auna bakin ƙofar, ba cikin kabad ɗin ba. Na taɓa sayo kwanduna biyu masu kyau, santimita biyu kacal suka hana su shiga, yanzu albasa ke cikinsu a kicin.

Daidai ƙarƙashin lanƙwasar a ajiye ɗan faranti ko murfin bokiti babu komai a kai. In an ga ruwa a cikinsa, a kira mai gyaran famfo tun abin bai zama aikin kafinta ba. Bayan ƙofar kabad ɗin ma wuri ne: ƙugiya biyu masu mannewa sun isa rataye safar hannu da tsumman goge sinki.

Hypo, Harpic, Izal, duk a kwando ɗaya?

A'a. Hypo da Jik bilic ne, irin Harpic ɗin wanke masai kuma akwai asid a ciki. In suka haɗu suna fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi da ƙona ido, kuma a ɗan ɗakin da tagarsa ba ta wuce faɗin faranti ba, abin na iya kai mutum asibiti. Ɗaya a kwandon dama, ɗaya a na hagu, a tsaye, murfi a ɗaure. Kada kuma a zuba su tare a masai wai don ya fi fita. In akwai yaro mai rarrafe a gidan, ko dai a sa wa kabad ɗin makulli, ko su koma kanta ta sama. Juye bilic ko Izal a robar lemo ko ta ruwan sha kuwa, wannan kada a fara.

Ƙasan kabad ɗin ya kumbura yana marmashewa. Laifin kafinta ne?

Laifin katakon ne, da kuma yadda muke wanka. Katakon da ake kira MDF, wanda ake yin irin wannan kabad da shi, garin katako ne da aka matse da gam, in ruwa ya shige shi kumbura yake yi kuma ba ya komawa. Ya fi daɗewa ne a banɗakin da ruwa ke tsayawa cikin keɓaɓɓen wurin wanka. Mu kuwa da bokiti da kofi muke, ga alwala sau biyar, ga wanke ƙasa da tsintsiya, ruwa ko'ina. In za a sake, a nemi na alminiyam ko na roba mai kauri, ko katakon da masu sayarwa ke kira marin bod, wanda ya fi jure laima. Ana samun irin waɗannan a kasuwannin kayan gini kamar Ƙofar Ruwa a Kano. Ya fi kyau a kafe shi a bango ya ɗaga daga ƙasa kamar taƙi guda, ko a yi masa ƙafafun ƙarfe marar tsatsa. A bi gefen da sinki ya haɗu da bango da silikon, wato gam ɗin da ke toshe kafar ruwa.

Bokitin tara ruwa da buta su suka fi cin wuri.

Gaskiya ne, kuma ba yadda za a yi da su tunda famfo ba shi da alƙawari. Doguwar roba mai murfi guda ɗaya a kusurwa ta fi bokitai uku a baje. Kofin wanka a rataye shi a jikinta. Buta ta samu ƴar kanta ko ƙusa kusa da masai. Murfin nan wajibi ne, saboda sauro, kuma saboda yaro na iya faɗawa buɗaɗɗen bokiti da ka.

Gidan haya ne, mai gida ya hana huda tayil.

Akwai kanta mai hawa uku ko huɗu da ke tsayawa da ƙafafunta bisa tankin masai, akwai ta kusurwa, akwai maratayin da ake saƙalawa a saman ƙofa. Masu mannewa da gam suna riƙe abu marar nauyi in an goge tayil ɗin ya bushe ƙayau kafin a liƙa, aka kuma bar su kwana guda kafin a ɗora kaya. In hudar ta zama dole kuma ya yarda, a huda layin da ke tsakanin tayil biyu, ya fi sauƙin cikewa ranar tashi.

Burushi da soso, ciki ko waje?

Waje, inda iska ke ratsawa. Jiƙaƙƙen soso a rufaffen kabad fumfuna yake yi. Burushi a tsaye cikin kofi mai huda a gindi, nesa da masai gwargwadon yadda wurin ya bari, kuma a riƙa rufe masai kafin a kora ruwa. In mutum huɗu ne ke amfani da banɗakin, kowa ya samu ɗan kwandonsa mai hannu, ya shiga da shi ya fito da shi, kamar yadda ƴan makarantar kwana ke yi.

Kyankyasai sun mai da kabad ɗin gida. Fiya-fiya zan fesa?

Fesawa na kashe na yau, na gobe suna hanya. Ki haska tocila bayan kabad ɗin, inda bututu ya shiga bango ko ƙasa. Kusan kullum za ki tarar an bar rami kewaye da shi, ta nan suke shigowa. A cike shi da siminti ko silikon. A fitar da duk wani kwali, domin a cikinsa suke ƙwai. In an yi tafiya aka daɗe ba a buɗe famfon ba, ruwan cikin lanƙwasar nan yakan ƙafe, musamman da hunturu, sai hanya ta buɗe musu har da wari. Da an dawo, a fara sakin ruwa a sinki da magudanar ƙasa kafin a nemi maganin ƙwari.