Farautar barewa a dajin gwamnati a Amurka: abin da ɗan'uwa zai sani kafin ya yanki lasisi

Daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ganye ke zuba, 'yan'uwanmu mazauna Amurka sukan ga maƙwabta suna dawowa da barewa a bayan a-kori-kura, sai sha'awa ta motsa. Ga nama wanda mutum zai ambaci sunan Allah a kansa da bakinsa, ga daji wanda ba a biyan kuɗin shiga mafi yawansa. Hukuma ma so take a shiga. Sai dai kusan kowace dokar farautar ƙasar daga lissafin yawan dabbar ta samo asali, kuma wanda bai fahimci lissafin ba yakan karya doka bai sani ba, ko ya kai wa iyalinsa naman da bai kamata a ci ba.

Dabbar da muke kira barewa a nan ta bambanta da ta dajin Sahel. Ta fi ta girma, ƙasan wutsiyarta fari ne, namiji kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuma mai rassa ne, yana faɗuwa a ƙarshen hunturu wani ya tsiro. Wajen shekarar 1900 masu farautar kasuwa sun kusa ƙarar da ita, abin da ya rage bai fi 500,000 ba. A shekarar ce dokar Lacey ta hana ketare iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka rufe cinikin naman daji. A 1937 dokar Pittman-Robertson ta ware harajin bindiga da harsashi, wanda yau yake kashi 11 cikin 100, don sayen daji da biyan masu ƙidaya. Yanzu ana ƙiyasta bareyin sun kai miliyan 30, ana kashe wajen miliyan 6 duk shekara, kuma ba su ragu ba. Har gobe sayar da naman barewar da ka harbo laifi ne a kusan duk jihohi. Kyauta ce kawai ta halatta, don haka mai tunanin buɗe tukubar tsire da shi ya sauya shawara.

Saurin hayayyafarta ne ya kawo haka. A arewacin ƙasar barbara a Nuwamba ake yi, ciki kwana 200 ne ko kusa da haka, haihuwa a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma mace mai ƙoshi tagwaye take yi. A wani killataccen daji na Jami'ar Mishigan an saki maza 2 da mata 4 a 1928. Da aka ƙirga a 1933 sun kai wajen 160. Kyarkeci da damisar dutse da ke rage su an kawar da su daga mafi yawan gabashin ƙasar tun tuni. Idan suka wuce kamar 8 a kowace murabba'in kilomita, sukan cinye duk wani tsiro har iya inda wuyansu ya kai, ka shiga daji ka ga ƙasa fayau babu ƙananan itatuwa, sai manya da babu mai gadonsu. Motoci kuma suna karo da su fiye da sau miliyan ɗaya a shekara, mafi yawa a Nuwamba.

A nan ne mafarauci sabon shiga yake kuskure. A al'adarmu barin mace tausayi ne, kuma inda dabba ta yi ƙaranci hakan ne daidai. Amma namiji ɗaya yana barbarar mata da yawa, ko an kashe rabin maza kusan duk matan za su ɗauki ciki. Yawan garke a hannun mata yake. Masana sun ce sai an cire kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na manyan mata a shekara kafin garke mai ƙoshi ya tsaya inda yake. Shi ya sa jihohi da yawa suka yanka ƙasarsu gunduma-gunduma, kowace gunduma da lambarta da adadin tikitin mace, wato takardar izinin harbin mace ɗaya, da za a fitar. Inda suka yi yawa a ƙara tikiti, inda hunturu ya kashe su a rage. Tikitin gunduma ɗaya ba ya aiki a ta kusa da ita, ko da hanya ce kawai ta raba su. A jihar Niyok 1 ga Oktoba ake rufe neman irin wannan tikiti. Ga mai neman nama kuwa mace ta fi: namanta ya fi laushi, ba shi da ƙarnin namiji mai barbara, kuma za a samu kilo 15 zuwa 20 bayan an cire ƙashi.

Kafin lasisi akwai kwas na koyon farauta, wanda Niyok ta fara wajabtawa a 1949, sauran jihohi suka biyo baya, kuma suna karɓar shaidar juna. Maganar bindiga kuma tana da nauyi ga baƙo. Dokar tarayya ta hana wanda ba shi da takardun zama riƙe bindiga ko harsashi kwata-kwata. Mai bizar karatu ko ta ziyara shi ma an hana shi, sai idan yana da lasisin farauta mai aiki, kuma jiha tana iya ƙara nata sharaɗin. Aron bindigar aboki bai fitar da mutum daga wannan hukunci ba, kuma laifin yana iya shafar zamansa a ƙasar. Wanda aka ƙwace wa lasisi a jiha ɗaya, kusan duk sauran za su hana shi.

Dajin gwamnati iri-iri ne. Ta tarayya tana da wajen eka miliyan 640, amma galibinsu a yamma suke. Dazukan da Hukumar Gandun Daji ke kula da su, eka miliyan 193, ana farauta a cikinsu, su kuwa manyan wuraren shaƙatawa na ƙasa irin Yellowstone an hana. A gabas, inda mutanenmu suka fi zama, filayen jiha ne abin dogaro: Pensilbaniya kaɗai tana da wajen eka miliyan 1.5 da ta ware don farauta. A Teksas kusan duk ƙasar ta masu gona ce, sai da izininsu. Ko a dajin tarayya, jiha ce ke sa lokaci da adadi. Iyakar daji da gonar wani sau da yawa fenti ne a jikin itace ko ƙaramin allo, kuma ko barewar da ka harba ce ta faɗi a ciki, a yawancin jihohi sai ka nemi izini kafin ka taka.

Abubuwan da aka saba a farautar gida yawancinsu laifi ne a can: haska fitila da dare, cinna wa daji wuta, ɗana tarko, harbi daga mota. Kora da karnuka sai a wasu jihohin kudu maso gabas. Zuba masara ko gishiri don jawo dabba an hana a dajin gwamnati a yawancin jihohi. Lokacin harbi a jihohi da yawa daga minti 30 kafin fitowar rana ne zuwa minti 30 bayan faɗuwarta. Riga da hula masu ruwan lemo mai ƙyalli wajibi ne a yawancin jihohi lokacin farautar bindiga. Idon barewa ba ya rabe wannan launi sosai, idon ɗan'uwanka mafarauci kuwa yana hango shi daga nesa. Kada a fitar da farin hankici a daji, domin kaɗa shi yana kama da wutsiyarta. Masu hawa itace su jira dabba su ɗaura ɗamarar tsaro tun daga ƙasa, faɗowa ta fi harsashi raunata mafarauta.

Masu cewa dajin gwamnati babu barewa yawanci a bakin hanya suka tsaya. Wani bincike a Pensilbaniya ya nuna mafi yawan mafarauta ba sa wuce rabin kilomita daga hanya. Bayan kwana biyu da buɗe farauta dabbar takan koma fadama da sarƙaƙiya, ta daina fitowa sai duhu. A ƙara tafiya, a zo tsakiyar mako, a zauna inda iska ke kaɗowa daga wajenta zuwa wajenka. Amma a tuna duk nisan da aka shiga, haka za a jawo kilo 40 zuwa mota.

Wurin saiti bayan kafaɗa ne, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, inda huhu da zuciya suke. A yi bismillah lokacin harbi, idan an same ta da sauran rai a yanka. Harbin huhu jini ja mai kumfa yake bari, a jira minti 30 sannan a bi sawu. Idan jinin ya haɗu da kore-kore mai wari, tumbi aka samu, kuma binta nan take zai sa ta tashi ta ɓace. Sai an ba ta sa'o'i. A cike tikiti kafin a motsa ta daga inda ta faɗi, sannan a kai rahoto cikin wa'adin jihar, kwana 10 ne a Pensilbaniya. Da wannan rahoto ake lissafin tikitin baɗi.

A fitar da kayan ciki cikin sa'a guda, da safar roba a hannu. A kwantar da ita rigingine, a tsaga daga mara zuwa ƙashin ƙirji, kaifin wuƙa yana kallon sama, yatsu biyu suna danne tumbi. A zagaye dubura da wuƙa a ɗaure ta da zare, a yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki, a kamo maƙogwaro a jawo komai gaba ɗaya. Idan tumbi ko mafitsara ta fashe, a yanke naman da ya ɓaci a yar. Ruwan rafi ba ya wanke shi, ƙwayoyin cuta yake ƙarawa. Naman yana bukatar sauka ƙasa da digiri 4 na ma'aunin Selsiyos, wato 40 a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi. Idan rana ta fi haka zafi a cusa buhunan ƙanƙara a ƙirji.

Babbar damuwa ta fuskar lafiya ita ce cutar ramewa da ake kira CWD. An fara ganinta a Kolorado a 1967, ta ɓulla Wiskonsin a 2002, yanzu tana cikin jihohi sama da 30, kuma ta fi yaɗuwa inda dabbobi ke cunkoso suna lasar wuri ɗaya, dalilin hana zuba abinci ke nan. Wani gurɓataccen furotin ne ke jawo ta, dangin wanda ya jawo cutar haukan shanu a Ingila. Tafasa ba ta kashe shi, gashi ba ya kashe shi, firiza ma haka. Barewa tana iya ɗauke da ita fiye da shekara tana da ƙiba da ƙyallin gashi, don haka ido ba ya tantancewa. Ba a tabbatar da ta kama mutum ba, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a gwada dabbar da aka harbo a yankin da cutar take, kuma kada a ci wadda gwaji ya nuna tana da ita. Wannan ya fi shafar mu fiye da maƙwabtanmu Turawa, domin sassan da furotin ɗin ya fi taruwa su ne waɗanda tukunyarmu ba ta yarwa: ƙwaƙwalwa, ido, lakar gadon baya, saifa da kaluluwa. Farfesun kai a bar wa rago. A zare nama daga ƙashi, kada a sara gadon baya da adda ko zarto. Samfurin gwaji daga kaluluwar bayan maƙogwaro ake ɗauka, saboda haka a kai kan da ɗan wuya a jikinsa, a ajiye naman kowace dabba daban da alama har sakamako ya fito. Wuƙaƙe a wanke su tas, a jiƙa minti 5 a cikin bilic kashi 2 da ruwa kashi 3. Jihohi da yawa sun hana fita da gawa sukutum daga yankin cutar.

Harsashin dalma yana farfashewa ya zama ɓurɓushin da ido ba ya gani. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota ta gano shi a 2008 har nisan santimita 45 daga inda harsashi ya bi, kuma niƙa nama yana watsa shi ko'ina. Mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara 6 su ne dalma ta fi cutarwa. Harsashin jan ƙarfe ya kawar da matsalar, Kalifoniya ma ta wajabta barin dalma tun 2019.

Masu kilishi su kula. A 1995 busasshen naman barewa da aka yi a gida ya sa wa mutane cutar gudawa mai jini a jihar Oregon, domin shanya kaɗai ba ta kashe ƙwayar. A tabbata zafin cikin naman ya kai digiri 71 kafin a busar, haka ma niƙaƙƙen nama, a auna da ma'aunin zafi na girki.

Saura kaska. Manyanta a jikin barewa suke shan jini su hayayyafa, kuma ita ke kawo cutar Layim a arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna, ga ta ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Idan gawa ta huce sukan sauka su nemi jiki mai ɗumi, a shimfiɗa leda a bayan mota. A fesa wa tufafi da takalma maganin famitirin mai ƙarfin kashi 0.5, ban da fata, a cusa ƙafar wando cikin safa. Da an dawo a jefa kayan cikin injin busarwa minti 10 da zafi sosai, a yi wanka, a duba hammata, matsematsi, bayan gwiwa, bayan kunne da cikin gashi. Yawanci sai kaska ta wuce yini da kwana a maƙale kafin ta sa cutar. A kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, ban da ƙona ta da ashana ko shafa mata mai. Idan zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi ko jan tabo mai faɗaɗa ya biyo baya cikin wata guda, a je asibiti a gaya wa likita ranar da aka shiga daji. A baƙar fata tabon yakan yi duhu kamar kurman rauni maimakon ja, don haka a faɗi maganar kaskar ko da likita bai tambaya ba.