Wai me ake nufi da "siyasa ba da gaba ba"?

Tunda aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027, kusan duk ɗan siyasar da aka miƙa wa makirfo sai ya ce siyasa ba da gaba ba. A rediyo ita ce, a Facebook ita ce, wanda ya sauya sheƙa jiya da daddare ma da safe ita zai fara faɗa wa 'yan jarida. Magana ce mai kyau kuma ina sonta har raina, shi ya sa yadda ake jan ta ana kai ta inda ba muhallinta ba yake ɓata min rai.

Abin da ya fi damuna shi ne an mayar da ita garkuwa. Ka tambayi shugaban ƙaramar hukumarku me ya sa asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ba magani, ba ma'aikaci sai mutum ɗaya, kafin ka ankara yaransa sun yi maka ca, haba malam, ai siyasa ba da gaba ba, ka bar bawan Allah ya yi aiki. To ina gabar take a nan? Tambaya fa aka yi, kuma kuɗin jama'a ake tambaya.

Bahaushe ya san gaba sarai. In aka ce wane da wane suna gaba, ba wai sun yi musu a majalisa kowa ya ɗaga murya ake nufi ba. Ana nufin sun daina gaisawa, in ɗaya ya hango ɗaya tafe sai ya canja lungu, an yi haihuwa a gidan wannan wancan bai je barka ba, an yi rasuwa bai je ta'aziyya ba, har matansu da 'ya'yansu su gaji abin ba tare da sun san mafarinsa ba. Ita ce wadda Annabi (SAW) ya hana Musulmi ya yi da ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Wannan ita aka ce a cire daga siyasa. Suka tana nan, hamayya tana nan, cewa "ba zan zaɓe ka ba saboda ka gaza" tana nan daram, babu wanda ya soke su.

Kuma ba sai mun yi ta hasashe ba, mu duba wanda maganar ta shahara a bakinsa. Alhaji Waziri Ibrahim na Borno, minista a Jamhuriya ta Farko, shi ya kafa jam'iyyar NPP a 1978, rikici ya ɓarke a cikinta ya fita ya kafa GNPP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 tare da Shehu Shagari da Awolowo da Azikiwe da Malam Aminu Kano. Takensa kenan duk inda ya je, siyasa ba da gaba ba. Bai ci ba, ya samu kusan kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un, amma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a jihohi biyu, Mohammed Goni a Borno, Abubakar Barde a Gongola. To sai me ya biyo baya? A watan Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta jam'iyyar NPN ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno kuma jigon GNPP, aka tsallakar da shi Chadi wai shi ba ɗan Najeriya ba ne. Mutumin da jama'arsa suka zaɓa fa, aka ɗauke shi aka ajiye a wata ƙasa. Da siyasa ba da gaba ba tana nufin a yi shiru ne, da nan ne wurin yin shirun. Ba su yi ba. Kotu aka nufa, aka fafata, babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne kuma korarsa ta saɓa doka. A 1983 ma da aka ce Shagari ya sake ci, shi kansa Waziri sai da ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. Mai taken kenan, bai bar haƙƙinsa ba, abin da ya ƙi shi ne a mayar da abokin hamayya maƙiyi. Don haka duk wanda ya ɗauki kalmarsa yana toshe bakin masu tambaya da ita, wallahi bai yi wa marigayin adalci ba.

Ɗaya ruɗanin kuma shi ne yadda ake nuna mana hoton manya biyu na jam'iyyu daban-daban suna dariya a wajen ɗaurin aure, a rubuta a ƙasa "siyasa ba da gaba ba". Su ai dama can ba sa gaba. Surukan juna ne, 'ya'yansu makaranta ɗaya, in ɗaya ya yi rashi ɗayan ne a sahun farko wajen jana'iza. Gabar a ƙasa aka bar ta, wajen mai shayi da mai faci da ɗan acaɓa, wajen wa da ƙani da suka fita daga guruf ɗin WhatsApp na gidansu saboda launin hula. Kuma in abin ya ƙazanta mu ne muke biya. A Afrilun 2011, bayan an faɗi sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, Musulmi da Kirista, abin ya fi muni a kudancin Kaduna wajen su Zonkwa da Kafanchan, a Bauchi kuma aka kashe 'yan bautar ƙasa 10 waɗanda aikin zaɓe kawai aka turo su, 'ya'yan wasu ne da iyayensu ke jiran dawowarsu. Ba a manta da wannan ba lokacin da aka zaunar da 'yan takara a Abuja a Janairun 2015 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a gaban tsohon babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan, daga baya Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna tun ba a gama sanarwa ba.

Dokar zaɓe ta 2022 a sashe na 92 ta hana zagi da kalaman da za su taɓa addini ko ƙabilar wani a wajen kamfen, amma ka kunna rediyo da daddare ka ji sojojin baka, a bar maganar aiki a koma kan asalin mutum da uwarsa da matarsa, a ƙarshen shirin kuma mai zagin ya rufe da cewa siyasa ba da gaba ba. Ba a wanke zagi da ita.

Ni a ganina wurin da ake gane mai wannan aƙida shi ne layin zaɓe. Rana ta take, an fito tun bakwai, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ƙi karɓar yatsan wata tsohuwa saboda aiki ya cinye zanen hannunta, ana ta goga mata yatsa ana sake gwadawa kafin a koma ɗaukar fuska, kai kuma ka san gidanta ka san ba jam'iyyarka za ta dangwala wa ba. Za ka ce Iya zo ki zauna a inuwa, ko za ka yi ta tsaki kana fatan ta gaji ta tafi? Ƙa'idar INEC ma ta ce a fara da tsofaffi da masu juna biyu da masu buƙata ta musamman, ba ta ce sai 'yan jam'iyyar wane ba. Haka yarinyar nan 'yar bautar ƙasa da ba ta jin Hausa, ta kwana a benci a firamare, in ta yi kuskuren ƙirga a ce mata ta sake a gaban ejan-ejan cikin lalama, ba a zagaye ta da ihu ba. Sannan kafin ka dangwala ka tuna ƙuri'ar ba kai kaɗai za ta shafa ba, akwai ɗan gudun hijirar da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu, akwai ɗan fanshon da ke bin bashin shekaru, ka tambayi kanka wa zai fi duba su ko da kai bai ba ka taliya da atamfa ba.

Nauyin maganar kuma ya fi hawa kan wanda ya ci. Wanda ya faɗi ana ta ba shi haƙuri, amma ba a cika jan kunnen masu murna da ke zuwa ƙofar gidansa da kiɗa da habaici ba, ko sabon ciyaman da zai sa a kawo masa sakamakon akwati-akwati, mazaɓar da ba ta yi shi ba a hana ta taki da taransifoma har wa'adinsa ya ƙare. Wannan gaba ce tsantsa da kuɗin gwamnati, kuma mutanen mazaɓar nan suna biyan haraji a kasuwa ɗaya da waɗanda suka zaɓe shi.